Ranar da Uwar Shanya Ta Sa Aka Yanke Rumfa

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibitinmu ya san Uwar Shanya, in ma bai gan ta ba to ya ji muryarta. Ita ce mai wankin asibitin. Ni kuma nas ce a ɗakin jarirai. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare, kuma in faɗi gaskiya, tara daga ciki faɗa muka yi ta yi. Ni ba ni da haƙuri, ita kuwa ba ta ma san ana yin sa ba. In na aika mata zanen gado da jini ya bushe a jiki, sai ta taho har ƙofar ɗakinmu, hannu a ƙugu, ta ce, "Sista, ruwan sanyi ne ya ƙare a duniya? Jiƙawa kawai ta gagare ku, masu farin kaya?" Ni ma in mayar mata, ta ja tsaki ta tafi, da yamma kuma zanen ya dawo fari tas.

Ta zo asibitin ne tun kafin ni, bayan mijinta direban babbar mota ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku. Da wannan wankin ta raine su har ta ga kowacce a ɗakinta. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, hannuwanta sun yi fari har wuyan hannu saboda ruwan bilic. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Mulkinta shi ne filin da ke bayan asibitin, tsakanin ɗakin wanki da bangon sito, inda ta ɗaura igiyoyi shida. Nan ne aka samo mata sunan. Ko babban likita ne ya ratsa ta ƙarƙashin shanyarta sai ya ji magana.

Shekara ashirin da bakwai tana shanya a filin nan, don haka ta san ranar wurin fiye da yadda na san allura. Ta san hasken yana fara sauka a kan famfo da bakwai da rabi, ya kai igiya ta uku da ƙarfe tara. Ta san watannin da inuwar sito ke miƙowa da waɗanda take janyewa. Ta san lungun da iska ke bi tsakanin bangon biyu, wanda ke busar da tawul ba tare da ya ƙandare ba. Mu dai dariya muke yi mata, muna cewa ta auri rana.

To, ga matsalarmu a ɗakin jarirai: ciwon shawara. Jariri zai zo duniya lafiya lau, kwana biyu ko uku sai ka ga idonsa ya yi rawaya, sannan fuska, sannan ƙirji. Da yawa yana wucewa da kansa. Amma in ya yi yawa a jini sai ya hau ƙwaƙwalwa, kuma in ya hau ba ya saukowa. Yaro ya rayu kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayuwa, ko ya tafi gaba ɗaya. Maganinsa haske ne, wata fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta. Guda ɗaya tal muke da ita. Wuta kuma ba ta zama, janareta sai da yamma ake tayarwa. Wato da rana tsaka, lokacin da duniya ta cika da haske har ya yi yawa, mu ba mu da hasken ba wa jariri.

Kada wani ya ce min ai sai a fitar da shi rana. Wallahi in na ji wannan maganar raina ɓaci yake yi. Na ga jariran da aka shanya a tsakar gida tsirara, aka kawo mana su fata ta sale, jiki kamar garwashi, baki ya bushe, shawarar kuma tana nan daram. Tsurar rana ba ta san jariri ba.

Wata shekara sai wasu masu taimako suka kawo mana rumfa. Ƙafafun ƙarfe huɗu, samanta an shimfiɗa wata leda mai duhu-duhu, irin wadda ake manna wa gilashin mota amma ta musamman. Tana tare abin da ke ƙona fata, ta rage zafi, ta bar hasken da ke magani ya wuce. Suka koya mana yadda ake yi: a rufe idon jariri da ƙyalle, a bar masa kunzugu kawai, a auna zafin jikinsa duk awa, a ba shi nono akai-akai, a duba jininsa kullum. Muka yi murna har da tafi.

Sai Sakatare ya shigo cikin maganar. Shi ne mai kula da kayan asibiti, mutum ne mai son a gani a yaba. Ya ce a kafa rumfar a gaba, daidai bakin ƙofa, don duk baƙon da ya shigo ya san muna ci gaba. Aka haƙa rami huɗu aka zuba siminti. Uwar Shanya ta zo wucewa da ƙunshin wanki a ka, ta tsaya ta dubi sama, ta dubi benen ofis, ta ce, "Yallaɓai, nan ba rana sai sha ɗaya. In ta zo kuma da fushi take zuwa, simintin nan zai dafa su." Sakatare ya yi dariya ya ce, "Inna, je ki ji da sabulunki."

Yadda ta faɗa haka aka yi. Da safe inuwar bene ta rufe wurin, da rana zafi ya taso daga ƙasa, minti ashirin jariri ya ɗau zafi mu kwaso shi a guje. Ga shi kuma bakin ƙofa ne, masu babur na zaune suna kallo, wace mai jego ce za ta buɗe ƙirji ta ba da nono a nan? Wata biyu aka ce rumfa ba ta aiki. Wata na uku Sakatare ya gano tana da amfani: ya fara ajiye motarsa a ƙarƙashinta. Ni da bakina na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Haka aka shekara biyu, har ranar da aka kawo ɗan Mai Walda.

Mai Walda yana da shago a kan titin asibitin, shi yake gyara mana ƙafar gado in ta karye. Ɗansu na fari ne, bayan shekara shida suna nema. Kwana huɗu da haihuwa matarsa ta dawo da shi, rawaya ta sauko har cibiya, ya daina kama nono da ƙarfi, sai barci. Likita ta duba jini ta ce awon shawarar ya kai sha bakwai. Ta ce in ya kai ashirin sai an tafi babban asibiti a canja masa jini, tafiyar awa biyar a mummunar hanya, kuma ba ta da tabbacin zai isa da ƙwaƙwalwarsa lafiya. Fitilarmu kuwa akwai wata bakwaini a ƙarƙashinta. Da yamma in an tayar da janareta muka riƙa raba musu, wannan awa biyu, wancan awa biyu. Gari ya waye aka kashe janareta, aka sake duba jini: sha takwas.

Uwar yaron yarinya ce mai sanyin magana. Ta kama gefen rigata ta ce, "Anti, wai da gaske ne ciwon nan yana toshe kunne? Zai ji ni kuwa?" Na ce mata mu yi ta addu'a. Abin da nas ke faɗa ke nan in ba ta da abin faɗa.

Wajen ƙarfe takwas Mai Walda ya shigo idonsa jawur, ya ce a ba shi ɗansa. Wai kakar yaron ta ce a kai shi gida a kwantar a rana, tun da asibiti ba abin da suke yi sai kallo. Na hau shi da faɗa, shi ma ya hau ni. Muna cikin haka a baranda sai ga Uwar Shanya ta zo karɓar wanki. Ta saurara kaɗan, ta ajiye ƙunshinta.

"Kai, ɗan nan," ta ce masa, "rufe min baki. Ke ma Sista rufe naki. Shi yana da gaskiya, ba abin da kuke yi. Ke ma kina da gaskiya, in ya kai shi gida ya kashe shi. To ni ga tambayata: rumfar can ta mota ce ko ta yara?"

Na ce, "Inna, kin san wurin ba ya yi."

"Wurin ne ba ya yi, ba rumfar ba. Ni ina da wurin da yake yi."

Na ce ai an kafe ta da siminti, kuma kayan asibiti sai da izinin Sakatare. Sai ta matso kusa da ni, ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Ke kina ganin su da rai. Ni zanensu kawai ke zuwa min. Na san zanen yaron da ya tafi gida, a cukurkuɗe yake zuwa, duk kashi da tumbuɗi. Na san na wanda bai tafi ba. Shi a ninke kuke aiko min da shi, tsaf, don ba wadda ke son ta taɓa shi sau biyu. Shekara biyun nan da motar can ke shan inuwa, na wanke irinsa ya ishe ni. Ba zan wanke na wannan ba."

Na je na sami Likita a ɗakin duba marasa lafiya na faɗa mata. Ta ce, "In wurin ya yi, kuma ke za ki tsaya a kansa da ma'aunin zafi, na yarda a matsayina na likita. Amma ƙarfen ba nawa ba ne." Na aika a nemo Sakatare, aka ce yana taro a sama, kada a dame shi. Na hau da kaina na ƙwanƙwasa, ya leƙo ya ce in rubuto a takarda, kwamiti zai zauna mako mai zuwa. Mako mai zuwa! Na sauko ina huci.

Na tarar Uwar Shanya ba ta ma jira ni ba. Ta dubi Mai Walda ta ce, "Kana da zarto?"

"Ina da shi, Inna."

"To me kake jira, sai na yi maka rakiya?"

Ba a ɓoye aka yi ba, wannan nake so a sani. Ƙarfe tara na safe, asibiti cike da mutane, Mai Walda ya durƙusa yana yanka ƙafar rumfa daidai saman siminti, motar Sakatare na tsaye a ƙarƙashi. Uwar Shanya ta kwaso barguna ta lulluɓe motar, wai kada a ce ta yi wa dukiyar mutum ɓarna. Mai gadi ya zo zai yi magana, ta ce, "Ka zo daidai, riƙe nan." Ya riƙe. Masu babur ma da suka ji dalili suka taso, kowa ya kama gefe. Ƙarar zarto ce ta sauko da Sakatare.

"Wa ya ba ku izini? Wa ya ce a taɓa?"

"Ni ce, Yallaɓai," in ji Uwar Shanya. "Kada ka nemi kowa. Ni na ce a yanka, shi hannu kawai ya ara min."

"Kin san wannan ɓarnar kayan asibiti ce? Kin san zan iya korar ki yau?"

"Na sani. Amma matsa kaɗan, ƙafa ta huɗu ake yanka, kada ta faɗo maka."

Mutum takwas suka ɗauki rumfar, suka bi da ita ta lungun ɗakin magani, Uwar Shanya tana gaba tana ba da umarni kamar mai jan shanu. Da suka iso filinta ta ciro wuƙa ta yanke igiyoyi uku na tsakiya, igiyoyin da ko taɓa su ba a yi. Ta nuna ƙasa da ƙafa. "Nan. A'a, ku dawo taku biyu, in ba haka ba inuwar sito za ta ci rabinta da ƙarfe biyu. Ku juya bakinta wajen lungu, iska ta ratsa." Mai Walda ya kafa turaku ya ɗaure ƙafafun da waya. Ta shanya manyan zannuwa a sauran igiyoyin suka zama labule, ba mai ganin mai jego daga ko'ina.

Kafin ƙarfe goma yaron yana ciki, a ƙaramin gado, idonsa a rufe da ƙyalle, daga shi sai kunzugu. Na ja kujera na zauna. Duk awa in sa ma'auni a hammatarsa in rubuta. Da rana ta take na ga zafinsa ya ɗan hau, na ce shi ke nan, za a maimaita na bakin ƙofa. Kafin in buɗe baki Uwar Shanya ta miƙo min farin tawul da ta jiƙa ta matse, muka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, ta kuma yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da rumfar. Minti goma sha biyar zafin ya sauka. Uwar tana tatsar nono muna ɗura masa da cokali, don bai da ƙarfin ja. Da la'asar muka mayar da shi ciki ya jira rabonsa na fitila.

Wankin asibiti kuwa bai tsaya ba. Da yake igiya uku ba za su isa ba, sai Uwar Shanya ta riƙa ɗaukar jiƙaƙƙun zannuwa a ka tana hawa matakala zuwa rufin sito, mace mai shekara kusan sittin, sawu goma sha wani abu a yini. Na ce ta bari in nemo mai taya ta. Ta ce, "Ke dai kalli yaro. In kika ɗauke ido a kansa ni da ke ne."

Washegari jini ya nuna sha takwas. Bai hau ba, bai sauka ba. Mai Walda ya dube ni, na dubi ƙasa. Likita ta ce a shirya mota ta zauna cikin shiri, in ya motsa sama ko kaɗan a tafi. Ranar ban ci abinci ba, kuma na yi wa kowa masifa, har da waɗanda ba su yi min komai ba. Yaron dai barci, barci, ko allurar ɗibar jini aka soka masa sai ya ɗan yamutsa fuska kawai. Uwarsa takan sunkuya ta kira shi a kunne a hankali, ta jira, ta sake kira.

Kwana na uku, sha biyar. Ya kama nono da kansa. Likita ta sa aka fito da wasu jarirai biyu masu shawara mara tsanani aka jera su kusa da shi.

Kwana na huɗu da safe sakamako ya fito sha ɗaya. Ina riƙe da takardar, ban gama faɗa wa uwar ba, sai ga Sakatare ya ratso labulen zannuwa, shi ma da tasa takardar a hannu. Uwar Shanya tana saukowa daga rufin sito da babban bahon ƙarfe, bayan ta juye wanki. Ya miƙa mata takardar.

"Ban iya karatu ba, Yallaɓai. Faɗa min da bakinka."

Ya ce ta je ofis a yi mata bayani.

"A'a, nan. Gaban matan nan. Ɗaga murya kuma, na fara tsufa."

Ya gyara tsayuwa ya ce kwamiti ya zauna, an kore ta daga yau, saboda lalata kayan asibiti da rashin ladabi. Ashe kwamitin yana iya zama da wuri in ya ga dama. Zuciya ta ɗebe ni na fara magana, ta ɗaga min hannu.

"Na ji. Rumfar fa?"

"Za a mayar da ita inda hukuma ta kafa ta."

Ban ga lokacin da ta ɗaga bahon ba. Ji kawai na yi ta maka shi a kan simintin bakin famfo, ƙwaram! Ƙarar ta daki bangon sito ta dawo. Sai ɗan Mai Walda, da ke barci a ƙarƙashin rumfa, ya zabura ya watsa hannuwansa biyu sama, ya buɗe baki ya tsala ihu. Ihu na gaske, mai ƙarfi, irin wanda tun da aka kawo shi ba mu ji ba. Sauran biyun ma suka ɗauka.

Kowa ya tsaya cak. Uwar yaron ta dafe bakinta da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta. Uwar Shanya, da ta buɗe baki za ta zazzage wa Sakatare, ta manta da shi sarai. Ta juyo gare ni.

"Sista, ƙarar ce ta tashe shi?"

"Ita ce, Inna."

"Wato ya ji?"

Ni nas ce, na san sai an yi gwajin kunne kafin a tabbatar, kuma daga baya an yi. Amma a ranar ban tsaya wannan ba. Na ce, "Ya ji, Inna. Wallahi ya ji."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta koma kan Sakatare, ta nuna masa rumfar da hannunta fari. "To bismilla, ga ta nan, ɗauka. Amma da hannunka za ka fara fitar da yaran, ɗaya bayan ɗaya, iyayensu na kallo."

Ya dubi jariran uku suna ta ihu. Ya dubi matan. Mai Walda yana tsaye a bakin lungu, bai matsa ba. Sakatare ya ce za a duba maganar, ya juya, zane ya naɗe masa fuska, ya fizge ya wuce. Rumfar ba ta sake motsawa daga wurin ba.

Korar kuwa ta tabbata. Na ce mata zan hau sama, zan tara ma'aikata, in ta kama in durƙusa zan durƙusa. Ta harare ni. "Kada ki kuskura ki roƙi kowa a kaina. Da a ce laifi na yi ne, da na roƙa da kaina." Ta shiga ɗakin wanki ta ɗauko mayafinta da takalmanta da wani tsohon kofi, kayanta ke nan na shekara ashirin da bakwai. Na tsaya ina kuka kamar wata sakarya, ni da na sha cewa Allah ya raba ni da matar nan.

Uwar yaron ta ɗauke shi ta sa a kafaɗa tana jijjigawa, tana neman ba shi nono ya yi shiru. Uwar Shanya ta tsaya a bakin lungu ta waiwayo.

"'Yata, kada ki rarrashe shi tukuna," ta ce. "Bar shi ya yi. Ina so in riƙa jin sa har in fita ƙofa."

Yarinyar ta sauke hannunta. Shi kuwa ya yi ta tsala ihu, har muka daina jin takun Uwar Shanya.